Garmahon Baba Jatau

Ranar da Goggo ta fita takaba
muka share ɗakin Baba Jatau.
Can ƙarƙashin gado, bayan tsohon buhun gero,
na ci karo da akwati mai mariƙi a gefe.
Yaya Talle ya ce a kai wa 'yan gwangwan.
Na ce a bari in ji ko da sauran numfashi.

Faya-fayai goma sha ɗaya, guda ya tsage,
baƙaƙe wuluk kamar gindin tukunya.
Sunayen da ke kansu gara ta cinye.
Allurai bakwai cikin gwangwanin ashana,
duk tsatsa ta yi musu lalle.

Na tari Keke Napep zuwa Sabon Gari,
rumfar Ɗanlami mai gyaran rediyo.
Ya hure ƙura, ya ɗiga man keke,
ya murza mariƙi a hankali, ya ce,
"Yarinya, wannan ba ya son gaggawa."

Da fari ba kiɗa,
sai ƙarar ƙosai ya faɗa mai.
Can sai hannun hagun wani bawan Allah
ya taso a kan fiyano,
gidi-gidi, gidi-gidi,
bai tsaya ba, bai waiwaya ba,
hannun dama na bisa yana watsa tsakuwa.
Na ce, "Wannan ai jirgin Kano ne!"
Ɗanlami ya kece da dariya:
"Bugi-wugi sunansa. Amma ba ki yi ƙarya ba."

Shekara ashirin da shida
Baba na ɗura wa jirgi gawayi.
Mu dai tsoho muka sani, mai carbi da tari,
mai jin labaran ƙarfe bakwai fuska a murtuke.
Sai dai in jirgi ya yi kuka daga tasha,
ƙafarsa ta hagu takan motsa ƙarƙashin riga.
Mun ɗauka sanyin ƙashi ne.

Faifai na biyu ƙaho ne ya buɗe,
muryarsa a dishe kamar mai mura,
yana magana, yana fasawa, yana komowa,
irin mutumin da ya zo biko
ya manta kalaman da ya shirya a hanya.
Ganga ba ta bi shi da gudu ba,
ta ɗan jinkirta, ta yi rangaji,
tafiyar mai tallan nono da ta sayar da wuri.
Wani ya yi tari a cikin faifan.
Wani ya yi ihu don daɗi ya kai masa karo.
Duk sun mutu, na sani,
a wata ƙasa bayan teku,
ba su taɓa jin sunan Kubanni ba,
ga su kuwa a Sabon Gari suna gumi,
har mai gyaran takalmi ya ajiye basilla.

Minti uku kacal, sai a sake murzawa.
Akwai wurin da faifan ya yi fari don ci,
nan allura ke tuntuɓe, ta koma, ta koma.
Na ɗora yatsa a wajen.
Sau nawa ya dawo da ita nan, shi kaɗai?

Da la'asar na kai shi Tudun Wada,
na ajiye a tsakar gida kusa da turmi.
Goggo na tsintar shinkafa, ba ta ɗago ba.
Ƙaho ya yi sallama.
Hannunta ya tsaya cikin tire.
Ta daɗe.
Sannan ta ce, "Daren Asabar, farin wando,
mutumin nan kamar ba ƙashi a jikinsa."
Ta share ido da bakin zane,
ta ce, "Ke, juya ɗaya gefen,
can ne mai daɗin."

Saura allura shida.